Ranar da Muka Share Hanya

Shagona yana bakin titi, daidai inda hanyar da ta taso daga Tudun Wada take karya kwana kafin ta miƙe zuwa dajin Falgore. Kwanar ba ta da kyau. Direban da ya taho daga arewa ba ya ganin abin da ke gabansa sai ya gama juyawa, yana gama juyawa kuma sai gangara. A gindin gangarar kasuwarmu take ci, rabi a wannan gefen kwalta, rabi a wancan. Tsakanin kwanar da kasuwar burtali ya ratsa titin, shi shanun rugagen gabas suke bi safe da yamma zuwa rafi. Kasuwar ta riga kwalta zuwa, burtalin kuwa ya girme su duka.

Ni hatsi nake saye in sayar. Da jaki na fara, ina bin ƙauyukan Burumburum ina auno masara tiya-tiya in kai Kafin Maiyaƙi, har Allah ya sa na kai ga cika babbar mota ni kaɗai. Ban yi boko ba, amma na san mutane, kuma a shekarun da nake ba da labarinsu gani nake babu ma'aikaci ko ɗan kasuwar da zai yi mini wayo. Ba zan ɓoye ba, ina cikin masu tare hanyar. Bayan shagona fadama ce, mota ba ta iya shiga, saboda haka a kan kwalta ake yi mini lodi. Ranar kasuwa sai ka ga motata da na wasu sun cinye rabin titi, 'yan acaɓa da suka fara yawa a lokacin sun cinye sauran, mata kuma sun shanya barkono a gefen kwalta don nan ne babu tsakuwa. Ana cikin haka tanka za ta sauko daga kwana tana danna oda, kowa ya yi ta kansa.

Akwai ardon Fulanin gabas da mu, dattijo ne da muka daɗe tare. Ba mai yawo ba ne. A nan aka haife shi, a nan kabarin mahaifinsa yake, yana kiwo yana noma, kuma ni yake kawo wa masararsa tun ina mai jaki. Baffa nake ce masa, shi kuwa ko a gaban wa Kaɗo yake kirana, wato Bahaushe a bakinsu. Idan ya zo shago yakan zauna a kan buhu ya ce in auna a hankali, don ya san Bahaushe yakan yi wa tiya tozo in yana saye, ya aske ta in yana sayarwa. Ni kuma in ce ai a wurin matansu muka koya, su da suke yi wa nono wanka da ruwan rafi.

Wata kaka, ranar kasuwa, uwargidansa tana tsallaka titi da ƙwaryar nono a ka, wata motar katako ta kauce wa motar da ke lodi ta kwashe ta da gefe. Ba ta mutu ba. Ƙugunta ya karye, ta yi watanni a hannun mai ɗori, ta tashi da ɗingishi, ba ta ƙara ɗaukar ƙwarya ba. Motar da ke lodin tawa ce. Bai taɓa faɗa mini haka ba, ni ma ban taɓa ɗauko maganar ba, amma duk kasuwa ta gani. Kafin damina ta zagayo kuma tirela ta faɗa cikin garkensa a bakin burtali. Da aka gama yanka waɗanda aka samu da sauran numfashi, ya zo shago ya zauna a kan buhu.

"Kaɗo," ya ce, "na gaji da tsintar shanu a kan titi. In aka yi kaka biyu ba a gyara wurin nan ba, tashi zan yi."

Bafulatani ba ya maimaita irin wannan magana. Na kuma san tashin ba nasa ne shi kaɗai ba. 'Ya'yansa da ƙannensa duk za su bi shi, ya bar gonar da ya yi shekaru yana kwantar mata da shanu, ya bar kabarin ubansa, a shekarun da ya kamata a ce yana zaune a inuwa.

Sai na ɗauki maganar a kaina. Hedimastan makarantarmu ya rubuta takarda, maigari ya sa hannu, na fara zarya. A ƙaramar hukuma aka ce hanyar ba tasu ba ce. A birni aka nuna mini wani ofishi, daga can aka tura ni wani. Na san bencin ƙofar ofishin nan kamar tabarmar ɗakina. Yau a ce maigidan ya fita, gobe a ce yana taro, jibi a ce takardar tana wani tebur. In tashi tun asuba in bar shago a hannun ƙanena, in dawo da magariba ƙafafu sun kumbura, matata ta tambaye ni ko an dace in ce mata ana nan ana yi.

A ƙarshe na samu ganin injiniyan da abin yake hannunsa. Siriri ne mai tabarau, mutumin wajen Bebeji, ba shi da hayaniya. Ya shimfiɗa taswira a tebur ya nuna mini cewa akwai shiri a kan hanyar gaba ɗaya, tun daga Kwanar Ɗangora har Doguwa. Ba za a iya taɓa ko'ina ba, za a zaɓi wuraren da suka fi muni. A can za a yi tudun rage gudu, a kafa allunan gargaɗi, a fitar da fili a gefe don motoci su riƙa lodi, inda burtali ya ratsa kuma a kafa allo mai hoton saniya. Kafin a zaɓa, za a turo mutane su yini a kowane wuri suna ƙidaya: motar da ta wuce, motar da ta tsaya a kan kwalta, mutumin da ya tsallaka, dabbar da ta tsallaka. Na tambaye shi wace rana za su zo mana, ya ce duk ranar aikin da ta samu. Na ce masa garinmu in ba ranar kasuwa ba ko akuya barci take yi a tsakiyar titi, ba a sanin farashin hatsi ranar da kasuwa ba ta ci. Ya yi dariya, ya ɗauki biro ya rubuta ranar kasuwarmu. Na dawo gida ina jin na yi cinikin da ban taɓa yin irinsa ba.

Bayan wata guda takarda ta iso wa maigari. Aka taru a zaurensa bayan la'asar, hedimasta ya karanta ya fassara. Ya ce ranar kasuwa mai zuwa ma'aikata za su zo duba hanya.

Kalmar nan ta duba ita ta fara rikita zauren. Sarkin kasuwa, tsoho ne da ya ga jiya, ya gyara zama ya ce shi dai tun da yake bai taɓa ganin ma'aikaci ya zo duba abu ya tafi da alheri ba. Ya tuna mana da duba-gari na zamanin ƙuruciyarsu, mai gajeren wando, wanda yake shiga gida ya leƙa randa, in ya ga 'yar tsutsa ya sa a fasa ta a kai maigida gaban alƙali. Ya ce in waɗannan suka tarar da motoci a kan kwalta, da barkono, da kashin shanu, abin da za su rubuta shi ne a tashi kasuwar daga bakin hanya. Zamanin soja ne, kuma ba a daɗe da rushe rumfunan bakin titi a birni da sunan tsafta ba, kowa ya ji labari. Liman ya ƙara da cewa ko ba don tsoro ba, baƙo yana da haƙƙi, ba a tarbarsa da ƙazanta. Hedimasta ya ce a ganinsa abin da takardar take nufi ƙidaya ce ba neman laifi ba, amma shi baƙo ne a garin, kuma a gaban dattawa muryarsa ba ta da nisa. Sai kowa ya juyo ya dube ni, tunda ni na ga injiniya ido da ido.

Na san abin da za su zo yi. Da bakinsa ya faɗa mini, dalla-dalla. Amma a zaune a wurin sai na tuna cewa duk kasuwar babu ginin da ya kai shagona kusa da kwalta, in rusau ya tashi da ni zai fara. Ga kuma halin sana'a. Tun da na fara sayar da hatsi ban taɓa buɗe wa mai saye gindin buhu ba. Bakin buhu ake nunawa, inda aka zuba mai kyau, sheƙaƙƙe, mai manyan ƙwayoyi. Wannan ya zauna mini a jini har ban san akwai cinikin da ake nuna ruɓaɓɓen ba.

"Ranka ya daɗe," na ce wa maigari, "gwamnati kamar mai saye ce. In ta ga kaya a hargitse gaba take yi. Mu nuna musu mu mutane ne masu tsari, sai su ga mun cancanci aikin."

Aka ce madalla, Alhaji ya san su. Aka yi fatiha aka tashi.

Kwana uku muka yi muna shiri. Mai shela ya zaga gari da ƙauyuka. Aka ce duk motar lodi ta shiga filin makaranta, 'yan dako su riƙa kai buhuna can a ka. 'Yan acaɓa aka mayar da su bayan masallaci. Mata suka kwashe barkono suka kai saman soro. Aka ja rumfunan da suka matso titi baya, aka share gefen kwalta har da yayyafa ruwa, aka jera duwatsu aka shafe su da farar ƙasa. Rani ne, wata 'yar ƙorama da ke bi ta ƙarƙashin kwalbati ta ƙafe, sai aka ce duk mai zuwa daga gabas ya bi ta ƙarƙashin kwalbatin ya ɓullo cikin kasuwa, kada ya hau titi. Ban taɓa ganin mutanen garinmu sun haɗa kai a kan wani abu kamar wannan ba.

Saura shanu, kuma ni na tafi ruga da ƙafata. Na tarar da ardo a gindin wata ɗorawa yana tufka igiya. Uwargidansa ta ɗingiso ta ajiye mini ƙwaryar fura ta koma. Na yi masa bayani, na ce ranar kasuwa a tsare garke a gabas, akwai ɗan tafkin da bai gama ƙafewa ba, su yi maneji da shi yini ɗaya. Ya saurara har na gama, bai daina tufkarsa ba. Sannan ya tambaye ni, in baƙin ba su ga shanu ba, me za su gyara. Na ce masa shi ya san nagge, ni na san mutanen ofis, ya bar mini wannan. Ya dube ni ya ce to. Ya aika wa sauran rugage, kuma maganarsa ba ta faɗuwa a can.

Ranar kasuwa da hantsi farar a-kori-kura ta tsaya a ƙofar shagona. Injiniya ne da malamai biyu masu ƙidaya. Na fito musu da kujeru a gindin darbejiya, inda ake ganin kwana da burtali da kasuwa gaba ɗaya. Kowane malami ya ɗora takarda a cinya, an raba ta gida-gida, abu ya wuce ya ja ɗan layi a gidansa. Maigari ya zo da babbar riga ya zauna. Aka kawo fura da nono, nonon ma daga rugar ardo aka kawo shi ta ƙarƙashin kwalbati. Aka kawo tsire, da azahar aka kawo tuwon shinkafa.

Titi kuwa fes, kamar an wanke faranti. Tanka ta sauko daga kwana ta wuce ko oda ba ta danna ba. Wani direban tirela da ya saba da mu har rage gudu ya yi yana leƙe, ina jin ya ɗauka mutuwa aka yi. Ina zaune ina jin daɗi, ina kallon fuskar injiniya in ga ko ya yaba.

Bayan an idar da sallar azahar na zaga ta bayan ɗaya daga cikin malaman na leƙa takardarsa. Gidan farko cike yake da layuka. Na biyu 'yan kaɗan. Na uku da na huɗu babu komai, fari fat. Na tambaye shi na mene ne waɗannan. Ya ce ɗaya na motocin da suka tsaya a kan kwalta ne, ɗaya na dabbobi.

Na tsaya ina kallon gidajen nan biyu. Na gane abin da na yi, gaba ɗayansa, a tsaye a bayan kujerar nan. Kuma lokaci bai ƙure ba. Rana tana tsaka, malaman sai la'asar sakaliya za su tashi. Da na tura ɗan acaɓa ruga ya ce a saki garke, da na ce wa direbana ya fito da mota daga filin makaranta, da kafin awa ɗaya titin ya koma kamanninsa. Na yi tunanin haka. Sai na dubi maigari da rigarsa, na dubi duwatsun da muka shafa wa farar ƙasa, na dubi dattawan da suka ce Alhaji ya san su. Na ga yadda za a yi in tashi a gaban baƙi in rushe abin da na sa gari ya yi kwana uku yana yi. Na koma kujerata na zauna. Wannan zaman ya fi damuna har yau, fiye da maganar da na yi a zaure.

Ardo ya zo da yamma, da malfarsa da sandarsa, ya gai da maigari ya tsuguna a gefe. Na nuna wa injiniya shi, na ce ga dattijon da na ba shi labarinsa. Raina ya ɗan dawo, na ce ko bakinsa zai cike abin da takarda ta rasa. Injiniya ya rusuna ya gaishe shi.

"Baba, yaya kuke fama da hanyar nan?"

Ardo ya dubi ƙasa. "Alhamdu lillahi," ya ce. "Lafiya lau."

Ba zai ce wani abu ba bayan wannan. Mutum irinsa ba ya kai kuka gaban baƙo, balle ya ambaci ciwon matarsa a tsakiyar taro. Injiniya ya jira kaɗan, sannan ya juyo ya dube ni ta saman tabarau. Da za su shiga mota ya ja ni gefe ya tambaye ni ko nan ne wurin da na yi ta zarya a kansa. Na ce nan ne, yau dai Allah ya kawo sauƙi. Ya buɗe ƙofar mota ya shiga. Maigari ya sa aka saka musu kaji da buhun masara a bayan mota.

Kasuwa ta gaba komai ya koma inda yake. Barkono ya sauko daga soro, motata ta koma kan kwalta, shanu suka tattake farar ƙasar.

Bayan damina motocin aiki suka zo. Muna zaune muka ga sun sauko daga kwana, sun wuce mu, sun tafi garin da ke gaba da mu. Su takardarsu a aljihun ɗan aike ta kwana har ranar ta wuce, ba su san da zuwan kowa ba. Masu ƙidaya suka tarar da su yadda Allah ya yi su, awaki a kan titi, motoci a gicciye, har da dambe a tasha. Aka yi musu tudun rage gudu a shiga da fita, aka yi musu filin lodi, aka kafa alluna. Mutanensu in sun zo kasuwarmu sai su ce ina masu farar ƙasa, a sayar musu da tsintsiya ko ɗaya ce, sun ji namu suna da albarka. Mu ma sai mu yi dariya.

Na koma birni, na koma bencina. Da na samu shiga, injiniya bai ɓata lokaci ba, ya jawo takardar garinmu ya ajiye a gabana, ya ɗora yatsa a kan gidajen nan biyu.

"Alhaji, na yarda da abin da ka faɗa mini tun farko. Amma takarda ba ta jin labari, abin da aka gani take ɗauka. Wa zan kai wa wannan in ce a yi aiki a nan?"

Na roƙe shi a sake turo malaman, ko ni zan ɗauki nauyin motarsu. Ya ce an rufe wannan zagaye, sai in an sake buɗe wani, shi ma bai san yaushe ba. Sannan ya tambaye ni abin da ya sa muka yi haka. Na ba shi labarin zaure da duba-gari, ban rage nawa laifin ba. Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce shi ma tsohuwarsa a gida har yanzu in ta ji motar gwamnati ta tsaya a unguwa tsintsiya take nema. Ya ce amma ai mu muka fi shi sanin cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Muka gwada namu. Muka tara samari aka zuba marmara a gicciye a kan titi sama da burtali. Ba a yi sati ba wata ƙaramar mota ta bar salansarta a wurin, aka zo aka ce mu kwashe, ba a yi wa hanyar gwamnati gini ba izini. Muka kwashe. Ni kuma na sa aka yi ta juye marmara a fadamar bayan shagona har ta ɗauki mota, na mayar da lodina can. Wata biyu aikin ya ci. Ina kallonsa ina tuna cewa babu abin da ya hana ni yin haka tun kafin matar ardo ta karye, in ban da ganin cewa kwalta kyauta ce. Sauran masu lodi ba su bi ni ba, tireloli kuma ba su rage gudu ba. A daminar da ta biyo ma an sake buge wa ardo karsana biyu.

Kaka ta biyu ta zo. Wata safiya ardo ya iso da jakuna a jere, masara fiye da abin da ya saba kawowa. Da na ga har da ta shekarar da ta wuce, na san rumbu ya kwashe. Ya zauna a kan buhu kamar kullum. Na ɗauki tiya na ajiye.

"Baffa, ni na ɓata abin nan."

"Kaɗo," ya ce, "ni ma ai an tambaye ni."

Na sake ɗaukar tiyar. Na fara awo, ina aske kowace tiya daidai da bakinta. Ya kalle ni na ɗan lokaci, sannan ya miƙo sanda ya taɓa hannuna. Ya ce in yi mata tozonta kamar yadda na saba, kada in canja hali don zai tafi, sai ya rasa abin da zai riƙa ba jikokinsa labari. Na yi mata tozo.

Bayan kwana tara suka tashi. Kudu suka nufa, can bayan Doguwa, inda wani ɗan'uwansa ya samo musu wuri nesa da kwalta. Sai sun tsallaka titin kafin su kama hanyar daji, saboda haka na ɗauki jan ƙyalle na hau saman kwana na tsaya a tsakiyar hanya, ƙanena ya tsaya a ƙasan gangara. Garke bayan garke suka yi ta ratsawa, da tumaki, da bijimai ɗauke da ƙore da tabarmi, da mata da goyo. Uwargidansa tana kan jaki, ƙafar a miƙe gefe guda. Motoci suka yi layi ta kowane ɓangare har ba na ganin ƙarshensu, direbobi suna ta oda suna zagina. Duk abin da takardar nan take nema ga shi ya fito rana tsaka, babu mai biro ko ɗaya a wurin. Ardo ne ya tsallaka a ƙarshe. Ya ɗaga mini sanda, bai tsaya ba.

An yi shekaru kafin a sake buɗe wani zagayen. Lokacin sarkin kasuwa ya rasu, injiniyan nan an mayar da shi wani wuri, ni kuma gwiwoyina sun fara ba ni labari. Takarda ta zo, aka taru a zaure, wani sabon hedimasta ya karanta ya ce za a zo duba hanya. Ban jira an tambaye ni ba, na ce duk wanda ya taɓa tsintsiya ni da shi ne. Malamai suka zo suka zauna a gindin darbejiyar nan, suka ga kasuwarmu yadda take. Da azahar na leƙa takardar. Gidan motocin da suka tsaya ya cika har ya zubo gefe. Gidan dabbobi fari fat, kuma wannan karon babu wanda ya ɓoye komai. Manoma sun riga sun cinye burtalin, masara har bakin kwalta.

Aka yi mana tudun rage gudu, aka yi filin lodi. Cikin allunan da aka sauke har da mai hoton saniya, don tsohuwar taswirarsu ta nuna akwai burtali a wurin. Na gaya wa masu kafawa babu shanu yanzu, suka ce su dai an ce su kafa. Suka kafa shi a bakin gonar masara, yana kallon shagona.

Na ba wani dillalin shanu da yake zuwa wajen su ardo saƙo, na ce ya gaya wa ardo an gyara wurin, har da allon saniya, in yana so ya dawo zan tsaya masa a kan maganar gonarsa. Bayan wata biyu dillalin ya biyo ta shago. Ya ce ya same shi, ya tsufa ƙwarai, uwargidan kuma ta rasu, a can aka binne ta. Ya ce da ya faɗa masa saƙon sai ya yi murmushi, ya ce yanzu kabari biyu gare shi, kuma ƙafarsa ba za ta kai shi ga na farkon ba. Saniyar allon kuwa, ya ce a gaya wa Kaɗo ya riƙe ta, ya ba shi kiwo, ba ta shan ruwa balle ta tsallaka titi.

Tana nan har yanzu. Rana ta cinye fentin, ƙahon ɗaya ya goge. Masu kawo mini hatsi a gindinta suke ɗaure jakuna.